BINDIGAR KAKA TA ƘI BUƊEWA: TARIHIN SAKATAR BINDIGA MAI BAKI BIYU

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya faro daga ƙarƙashin gadon wani tsoho.

Bara waccan, bayan rasuwar kakanmu a Shagamu, aka taru a ɗakinsa ana fitar da kaya domin rabon gado. Can ƙuryar gado sai aka jawo wani dogon abu naɗe cikin tsohon bargo. Da aka warware, sai ga bindiga mai baki biyu, irin ta da, mai 'yan guduma biyu a tsaye kamar kunnuwan zomo. Manyanmu sun santa. Sun ce Kaka ya saye ta tun yana ganiyar fataucin goro, daga hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. A cikin akwatinsa na ƙarfe har tsohuwar takardar lasin muka samu, ta yi ja don tsufa.

Wani ƙanena ya ɗauke ta, ya tura mabuɗin da ke samanta gefe. Mabuɗin ya motsa, amma bindiga ta ƙi karyewa. Ya dafa ta a gwiwa ya danna, shiru. Nan fa kowa ya zama makaniki. Wannan ya ce a kawo sukundireba, wancan ya ce a ɗan buga mata guduma, wani ya ce a ja kunamar ko za ta saki. Wani ɗan yayarmu ma har ya kunna fitilar waya, ya kafa ido a bakinta yana leƙe.

Ana cikin haka Kawu ya shigo. Ban taɓa jin muryarsa ta yi tsawa irin ta ranar ba.

"Kai! Ajiye ta! Juya bakin wajen bango!"

Ƙanena ya ce, "Kawu, ai ta fi shekara talatin ba a taɓa ta ba. Babu komai a ciki."

Kawu ya ce, "Ka gani da idonka? To, wanda bai ga cikinta ba, bai san cikinta ba."

Wannan magana ta Kawu ita ta sa na shiga bin diddigin irin wannan bindiga. Na gano cewa kowane dalili da ke sa ta ƙi buɗewa yana da shekararsa da maƙerinsa a tarihi. Wanda ya san tarihin zai gane inda ta cije, kuma zai gane abin da ya sa ba a yi mata ƙarfi.

KAFIN BINDIGA TA KOYI KARYEWA

Shekaru ɗaruruwa, ta baki ake ɗura bindiga. A zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba dalma, a daddanna da sanda. Wannan ita ce bindigar da mafarautanmu suka sani, wadda ake yi wa kirari da harba-ka-ruga, domin in ka harba ka kuskure, kafin ka sake ɗuri naman ya iso kanka. A nan Kudu, da Turanci, bindigar 'yan Denmak ake ce mata, saboda fataken wannan ƙasa da suka yi cinikinta a gaɓar teku, musamman daga ganuwarsu ta Christiansborg da ke Accra ta ƙasar Gana a yau.

Turawa sun nemi maganin jinkirin ɗuri ta hanyar haɗa bututu biyu a ƙota ɗaya, a samu harbi biyu kafin a tsaya. Maƙerin Landan, Joseph Manton, wanda ya rasu a 1835, ya yi suna wajen ƙera irin wannan. A 1807 kuma wani limamin coci ɗan Sikotland, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tada wuta ta hanyar bugun wani sinadari, maimakon ƙyasta ƙanƙara. Duk da haka babban aibi yana nan: ba ka iya ganin cikin bindiga. In kana son sanin ko da ɗuri, sai ka zura sanda ka auna. Mai mantuwa yakan yi ɗuri a kan ɗuri, bututu ya fashe masa a hannu.

Mafita ta fito daga Faransa. A 1812, a birnin Faris, Jean Samuel Pauly ya yi rajistar bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya. Wani da ya yi aiki a maƙerarsa, Casimir Lefaucheux, shi ya kai abin ga nasara a shekarun 1830. Ya ɗora bututun a kan hinji kamar ƙofa, in an saki makama sai su sunkuya ƙasa, gindinsu ya buɗe. Harsashinsa kwanson takarda ne mai gindin tagulla, da wata 'yar allura da ke leƙowa daga gefe, guduma ta buge ta daga sama.

A lura da wannan da kyau. Amfanin karyewar bindiga bai tsaya ga saurin ɗuri ba. A karon farko mutum yana iya buɗe bindigarsa, ya ga haske ta cikin bututu biyu, ya tabbata babu komai. Shi ya sa har gobe ladabin mafarauta a Turai shi ne ka riƙe ta a karye in kana cikin mutane ko za ka tsallake shinge. Bindigar da ta ƙi buɗewa ta koma halin kakanninta na ɗurin baki, babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinta.

SHEKARUN GASAR SAKATA

A 1851 aka yi babban baje koli na duniya a Landan, aka nuna bindigar Lefaucheux a wurin. Maƙerin Landan Joseph Lang ya gani, ya fara ƙera irinta. Mafarautan Ingila sun yi ta kushe ta da farko, kuma suna da hujja. Duk harbi, ƙarfin albarushi yana neman raba bututu da uwar bindiga, wato gidan ƙarfen da ke riƙe da su. Makamar farko ba ta da ƙarfi, bayan 'yan shekaru sai bindiga ta fara girgiɗi. Tambayar da ta dami maƙeran Landan da na Birmingham ita ce: yaya za a yi ƙofar da ke buɗewa da yatsa ɗaya, amma wuta ba ta iya buɗe ta?

A 1859 Henry Jones na Birmingham ya kawo amsa ta farko mai ƙarfi. Mabuɗinsa dogon hannu ne da ke kwance a ƙarƙashi, ya lulluɓe gidan kunama. Ana juya shi ne zuwa dama, ya saki bututu, in an rufe kuma a maido shi da hannu ya matse kamar noti. Babu sifirin a cikinsa. Saboda ƙarfinsa aka daɗe ana sa shi a manyan bindigogin harbin giwa.

A 1861 George Daw ya shigo da harsashi mai cibiya Ingila, wato wanda maɓallin tada wutarsa ke tsakiyar gindi, irin wanda muka sani yau. Daga nan allura ta bar jikin harsashi ta koma jikin bindiga. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1862 kamfanin Westley Richards na Birmingham ya fito da mabuɗi a sama, inda babban yatsa ke kaiwa, tare da wani ɗan kai na ƙarfe da ke fitowa daga tsakanin bututu ya shige rami a uwar bindiga. A 1863 James Purdey na Landan ya yi rajistar abin da har yau ake kira da sunansa: sakata mai kama biyu. A ƙarƙashin bututun akwai haƙora biyu na ƙarfe, kowanne da tsaga. Sakatar wani faffaɗan ƙarfe ne da ke zamewa gaba da baya a cikin uwar bindiga, sifirin na tura ta gaba. Da ka rufe bindiga, sai ta faɗa cikin tsagogin nan biyu da kanta, ka ji ƙas. A 1865 William Middleditch Scott, shi ma na Birmingham, ya haɗa dabarun biyu da wani ɗan ginshiƙi da ke tsaye: ka tura mabuɗin sama zuwa dama, ginshiƙi ya juya, ya ja sakatar Purdey baya, bututu su sauka. Bayan haka W. W. Greener ya ƙara sakata ta uku, zagayayyen ƙarfe da ke ratsawa a gicciye ta saman uwar bindiga.

Ke nan cikin shekara shida, daga 1859 zuwa 1865, aka gama tsara abin da yawancin bindigogi masu baki biyu ke amfani da shi har yau. Abin da ƙanena ya tura da yatsa a ɗakin Kaka dabarar Scott ce, abin da ya ja a ciki kuma sakatar Purdey ce.

Ga darasi na farko a nan. Wata bindigar ba cijewa ta yi ba, mai riƙe da ita ne bai san zamaninta ba. Irin ta Lefaucheux mabuɗinta yana kwance ne a ƙarƙashin katakon gaba. Irin ta Jones yana kan gidan kunama. Akwai masu mabuɗi a gefe, wanda ake dannawa ƙasa. Wanda ya saba da mabuɗin sama kaɗai yana iya wuni yana murɗa abin da ba a yi shi don murɗawa ba.

ALLURA DA GUDUMA

Mu koma kan allurar nan. A bindigogin farko masu harsashi mai cibiya, in guduma ta faɗi sai ta zauna a kan allura, allura kuma ta zauna cikin ramin da ta yi a cibiyar harsashi. Ta zama kamar ƙusa tsakanin ƙofa da dogaranta. Ko an ja sakata baya gaba ɗaya, bututu ba za su sauka ba, sai an ɗaga guduma zuwa rabin zango allura ta samu wurin komawa. Mafarautan wancan zamani sun san haka kamar yadda direba ya san taka kuloci. Jikokinsu ne ba su sani ba.

A 1867 John Stanton na garin Wolverhampton ya yi rajistar guduma mai ja da baya: ta buga, ta ɗan koma da kanta, wani ƙaramin sifirin ya maido da allura. Wannan ya kashe matsalar, muddin ɗan sifirin ɗin yana da rai kuma allura ba ta yi tsatsa a raminta ba.

A 1875 kuma William Anson da John Deeley, ma'aikatan Westley Richards, suka ɓoye gudumar gaba ɗaya a cikin uwar bindiga. A tsarinsu, saukar bututu ita ke ɗana bindiga: ƙarfen da ke cikin katakon gaba yana danna wasu hannuwa biyu, su kuma su ɗaga gudumomin ciki. Shi ya sa irin wannan bindiga takan fi nauyin buɗewa bayan an harba, domin kana matse manyan sifirin ne da hannunka. In hannuwan nan sun cinye, bututu sukan fara sauka kafin allura ta janye, sai ta karce cibiya ko ta cije. A irin wannan bindiga kuma babu gudumar da za ka kalla ka san ko a ɗane take. Yawancinsu suna da makullin tsaro a bayan mabuɗi, wanda wani siririn ƙarfe ke turawa duk lokacin da aka buɗe. In siririn ƙarfen nan ya lanƙwashe, shi ma yana iya tare sakata.

Wannan tsari na Anson da Deeley shi ya bazu duniya. Aka yi ta ƙera shi a Birmingham, da Liege ta Beljiyam, da Eibar ta Sifen. A Saint-Etienne ta Faransa kamfanin Manufrance ya fito da tasa mai baki biyu, Robust, a 1913. Daga baya masana'antar Izhevsk ta Tarayyar Sobiyet ta cika kasuwanni da masu tambarin Baikal.

YADDA TA ZO ƘASARMU

Me ya sa duk da wannan ci gaba mafarautanmu suka ci gaba da ɗurin baki? Doka ce ta raba. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wani yanki na Afirka, daga layin digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu. Nijeriya gaba ɗaya tana cikin wannan yanki. Abin da aka bari a sayar wa jama'a shi ne bindigar ƙanƙara ta ɗurin baki da albarushin kasuwa. An ce don hana cinikin bayi aka yi, amma kowa ya ga wanda ya ci riba shekara goma sha uku bayan nan, lokacin da sojojin Ingila suka shiga Kano da Sakkwato a 1903 da manyan bindigogi masu aman wuta.

Saboda haka a zamanin mulkin mallaka bindiga mai baki biyu ta zama kayan masu izini: Turawan mulki da na kamfani, da sarakuna, da manyan ma'aikata, da attajiran da suka samu takarda. Talaka kuwa sai maƙerin gari, kuma maƙeran Awka sun yi fice wajen ƙera bindigar gargajiya da gyaranta. Bahaushen da ya zauna a Sabon Ibadan ko Shagamu ko Agege yana fataucin goro ko shanu, in ya mallaki mai baki biyu, alama ce ta cewa ya kafu. Shi ya sa ake samunta a gidajen tsofaffinmu a ajiye kamar alkyabba.

A 1959, shekara ɗaya kafin samun 'yancin kai, aka kafa dokar bindigogi da har yau take aiki. Ta sa irin wannan bindiga a rukunin da sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Lasin na mutum ɗaya ne, da sunansa, ba ya shiga rabon gado kamar gona. Gyaran bindiga ma dokar ba ta bar shi ga kowa ba, sai wanda aka ba izini.

ABIN DA DAMINAR KUDU KE YI MATA

Maƙeran Birmingham sun yi bindigarsu ne domin mutumin da zai goge ta duk ranar da ya harba, ya kai ta wurin maƙeri a duba in lokacin farauta ya wuce. Ba su yi ta domin shekara talatin a cikin bargo a ƙasa mai ruwan sama wata bakwai ko takwas ba. Bargo da buhu suna shan danshi su riƙe shi a jikin ƙarfe. Tokar baƙin albarushi da gishirin tsohuwar cibiya su ma suna jan danshi. Man gyaɗa da manja da wasu ke shafa mata don ƙauna, in sun daɗe sukan daskare su zama kamar ƙaro. Har zuwa wajen 1960 kwanson harsashi na takarda ne, kuma takarda in ta sha danshi kumbura take yi. Katakon ƙota ma yana kumbura ya matse ƙarafan da ke wucewa ta cikinsa.

Mai gyara yakan fara da tambaya ɗaya: mabuɗin yana motsi ko ba ya motsi?

In ya ƙi motsi sam, laifin yana wajen Purdey da Scott da Greener. Ko dai sakata ta yi tsatsa ko mai ya daskare a kanta, ko sifirin ɗin mabuɗi ya karye guntunsa ya faɗa ya tokare, ko sakatar gicciye ta cije a raminta.

In yana lilo ba nauyi, yana tafiya ba ya jan komai, to haɗin da ke tsakanin mabuɗi da ginshiƙi da sakata ne ya tsinke.

In kuwa yana tafiya har ƙarshe da nauyinsa daidai, amma bututu sun ƙi sauka, ko sun ɗan motsa kamar kaurin farce sun tsaya, to sakata ta yi aikinta. Abin da ya riƙe yana fuskar harsashi: allura a cikin cibiya, ko kwanso da ya kumbura, ko ɗan ƙarfen da ke turo kwanso ya manne, ko hinji ya yi tsatsa. Wannan na uku shi ya fi ban tsoro, domin sau da yawa ma'anarsa akwai harsashi a ciki. Kuma shi ne daidai abin da bindigar Kaka ta yi.

ABIN DA AKA SAMU A CIKI

Kawu ya kulle ɗakin, ya sa makulli a aljihu. Washegari ya ɗauki tsohon lasin da takardar shaidar rasuwa ya je ya sanar da 'yan sanda, aka zo aka ɗauke ta, aka kai wa mai kula da makamansu. Ni na raka shi.

Mutumin dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ɗaure ta, bakinta na kallon buhunan yashi. Kafin komai sai ya kwance faifan gefe biyu da ke ɗauke da gudumomin, ya ajiye su a kan tebur, ya ce yanzu babu abin da zai iya bugun allura. Sannan ya nuna mana: allurar dama ta shige gaba ta kafe, tsatsa ta rufe ta. Ya ɗiga mata man da ke ratsa tsatsa, ya ce mu dawo bayan kwana uku. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za a ɗan gasa ta da wuta ta saki ba?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, wuta da albarushi ba sa gaisawa."

Da muka koma, ya kwance abin da ke riƙe da allurar ya zaro ta. Ɗan sifirin ɗinta ya zama gari. Ya tura mabuɗi, bindiga ta karye a hankali kamar jiya aka rufe ta.

A bututun dama akwai kwanson da aka riga aka harba. A na hagu kuwa harsashi ne cikakke, na jar takarda, ya kumbura, gindinsa ya yi kore. Na hagun nan ne ɗan yayarmu ya kafa wa ido da fitilar waya, a lokacin da wani ke ba da shawarar a ja kunama. Dattijon ya ce tsohon harsashi yana iya mutuwa, yana iya tashi, kuma babu mai sanin wanne ne sai bayan an buga. Da muka ba yaron labari, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Zatonmu shi ne Kaka ya yi harbinsa na ƙarshe da bakin dama, allura ta cije, bindiga ta ƙi buɗewa, ya naɗe ta da niyyar kai ta gyara. Harkar kasuwa ta sha kansa, tsufa ya zo, maganar ta bi ruwa.

Da aka cire bututun, dattijon ya nuna mana hatiman da ke ƙarƙashinsu. Tun 1813 Birmingham take da gidan gwajin bindiga, inda ake harba kowace da ɗuri mai nauyi kafin a buga mata hatimi a sayar. Liege ma tana da nata. Ta Kaka tana ɗauke da haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai, da kambi a sama. Wannan hatimin Liege ne, kuma mai kambin daga 1893 aka fara buga shi. Ashe bindigar da muke ce wa ta Ingila 'yar Beljiyam ce. Babu hatimin zaki da haruffan PV a jikinta, wanda ke nuna an gwada bindiga da albarushi marar hayaƙi. Ke nan da baƙin albarushi kaɗai aka gwada ta. Gidan harsashinta kuma milimita 65 ne, alhali yawancin harsashin kasuwa na yanzu milimita 70 ne. Dogon yana shiga ya rufu lafiya lau, domin tsawon da ake faɗa na kwanso ne bayan bakinsa ya buɗe, amma in aka harba matsin yana ƙaruwa. Ga kuma tsatsa ta ci cikin bututun ta yi ramuka. Da mun yi nasarar buɗe ta da guduma a gida, abu na gaba shi ne wani ya nemo harsashi a gwada. Ashe ƙin buɗewar da ta yi rufin asiri ne.

Iyali suka zauna suka yanke shawarar a bar ta a hannun hukuma. Mun ɗauki hotunanta da na hatimanta, muka haɗa da tsohon lasin muka adana.

Na san ba gidanmu kaɗai ba ne. A unguwanninmu na nan Kudu akwai gidaje da yawa da irin wannan ajiya ke kwance a bayan sif ko ƙarƙashin gado, kuma yara suna shiga ɗakunan. In kun ci karo da ita, ku ɗauka da harsashi a ciki. Ku juya bakinta inda babu mutum, ku tuna harsashi yana ratsa ƙofar katako da silin. Kada a taɓa kunama, kada a ɗaga guduma, kada a leƙa baki, kada a buga, kada a kai ta kusa da wuta ko wurin mai walda. A kulle ɗaki, a sanar da hukuma. In kuma tsohon yana raye, yau ɗin nan a zauna da shi cikin ladabi a tambaye shi: Baba, bindigar nan yaushe rabon da a buɗe ta, kuma ina takardarta?

Wanda ke da irin wannan labari a gidansu, ko ya san tarihin yadda kakansa ya samu tasa, muna son ji. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye mu da tsautsayi.